Wasiƙar Ilu Zuwa Ga Maidaji

Abdul-Wadud ɗan zongon Nima ne a Accra, amma shekararsa goma sha huɗu ke nan a Guangzhou yana tura wa 'yan kasuwa kaya ta jirgin sama. Ofishinsa ɗan ƙarami ne, a ƙasan wani dogon bene a unguwar Baiyun, tsakanin mai sayar da kwalaye da wani ɗan Chana da ke tura kaya Turai da Amurka. A jikin ƙofar gilas ya manna sunayen garuruwan da yake aikawa da jan rubutu: Accra, Kumasi, Kano, Legas, Yamai.

Wata Laraba da hantsi, ana yayyafi, yana cikin naɗe kwalin takalman wata Hajiya da salatif, sai ya hango wani dattijon Bature tsaye a waje yana bin rubutun ƙofar da yatsa. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, ya jingine wani abu mai faɗi naɗe cikin tsohon bargo a jikin bango. Abdul-Wadud ya buɗe ƙofa, ya ce masa da Turanci, "Baba, in Amurka ce, ƙofar gaba za ka. Ni Afirka kawai nake yi."

"An riga an nuna mini," in ji dattijon. "Wannan sunan ne ya tsayar da ni. Kano. Kai mutumin can ne?"

"Kakana ne mutumin can. Fataucin goro ya kai shi Gana, ya yi aure ya zauna."

"Kana jin yarensu?"

Abdul-Wadud ya yi dariya. "Da shi aka yi mini faɗa tun ina rarrafe."

"To don Allah, mece ce ma'anar maidaji?"

Ya faɗi kalmar a karkace, sai da ya maimaita sau biyu kafin Abdul-Wadud ya gane. Ya ce masa ai sunan mutum ne, wanda aka haifa a daji ko a kan hanya. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce a'a, addu'a ce. Tun suna yara, duk wanda zai yi tafiya a gidansu, mahaifinsu sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa maidaji, wato Allah ya tsare. Shi ma haka yake ce wa jikokinsa.

Abdul-Wadud ya dube shi, ya dubi kwalayen da ke jiran awo, sannan ya ja kujera ya ce, "Shigo daga ruwan nan tukuna." Ya zuba masa shayi.

Sunan dattijon Harlan Pruitt, tsohon malamin makaranta ne daga wani ƙaramin gari a Kansas, shekararsa saba'in da bakwai. Ya ciro wani ɗan baƙin littafi da ya sha hannu daga jakarsa, da wani hoto na samari goma tsaye a gindin wani ƙaton jirgi mai inji huɗu. Ya ce jirgin bama-bamai ne na yaƙin duniya na biyu, irin wanda ake kira B-24. Ya ɗora yatsa kan wani siririn yaro da ke tsugune a gefe. "Wannan shi ne mahaifina, Eugene. Shekararsa goma sha tara. Bindigar wutsiyar jirgin aka ba shi, don wurin ba ya ɗaukar mai jiki."

Abdul-Wadud ya dubi hoton. Shi duk inda aka ambaci jirgin bama-bamai, abin da yake zuwa masa a rai shi ne wanda yake gani a labarai, gidaje sun rufta a kan mutane. Amma baƙo ne, kuma tsoho, sai ya bar shi ya ci gaba.

Harlan ya ce shekara shida ya yi yana bin sawun jirgin nan, daga takardun soja da littafin mahaifinsa. A farkon 1944 suka tashi daga Florida, suka bi ta Brazil, suka tsallake teku suka sauka a Accra, daga nan sai Kano. A Kano inji ɗaya ya ƙi, suka yi kwana goma sha biyu suna jiran a kawo wani. A nan zazzaɓi ya kayar da Eugene. Likitan soja ya ba shi magani, amma duk abin da ya ci sai ya dawo da shi. Akwai wani mutum mai kawo ruwa ɗakunan sojoji, sunansa Ilu. Shi ne ya riƙa zama a gefen gadonsa yana yi masa fifita, yana ɗura masa wani abu mai ɗumi, mai ɗan tsami, a cikin ƙoƙo.

"Kunun tsamiya," in ji Abdul-Wadud, bai san lokacin da ya fito daga bakinsa ba.

Harlan ya ciro biro ya rubuta, ya ce a sake faɗa masa a hankali.

Ranar da za su tashi, Ilu ya zo har gindin jirgi ya rataya wa Eugene wata 'yar jakar fata ɗinkakkiya a wuya. Ya nuna gabas da hannu, ya faɗi kalmar nan, maidaji, sau uku. Eugene ya ɗauka laya ce, bai kuma sake cire ta ba. Da ita ya bi ta Sudan ya isa Indiya, inda suka yi wata biyu. Da ita suka tsallake duwatsun Himalaya suka shiga Chana. Sau ashirin da biyu suka fita kai hari suka dawo, wata rana da inji uku, wata rana da mai ɗan kaɗan a tanki. Fita ta ashirin da uku, a kakar wannan shekarar, an tura su kan filin jirgin da Japanawa suka riƙe a nan Baiyun, ba wannan sabon ba, tsohon da ke kusa da gari, wanda yanzu an gine shi da gidaje. Harsashi ya sami fiffiken dama, wuta ta kama. Huɗu suka diro da lema. Shida suka tafi da jirgin.

Harlan ya bi hoton da yatsa ya kira sunayen shidan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya duba takarda ba.

Eugene ya faɗo a gonar shinkafa a arewa da gari, ƙafarsa ta karye. Wata mata mai kiwon agwagi, wadda mijinta ya rasu, ita ta ja shi ta ɓoye a cikin karan shinkafa a saman akurkinta har kwana goma sha tara, kafin mutanen ƙauye su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya kai ga nasu. Jiya Harlan ya je ƙauyen. Matar ta daɗe da rasuwa, amma ya sami jikanta, wanda shi ma ya yi furfura. Shi ne ya ɓalle wani yanki na fiffiken jirgin da suke yin ƙofar akurki da shi tun wancan lokaci, ya ce ya tafi da shi gida. Shi ne abin da ke cikin bargon.

"Mahaifina bai taɓa yin alfahari da yaƙin ba," in ji Harlan. "Yana cewa daga sama ba ka ganin kan wa abin ya faɗa. Matar nan kuwa ta san abin da jirgin ya zo yi, ƙanwarta a kusa da filin take aure. Duk da haka ta ɓoye shi. Har ya mutu, mutum biyu yake ambata, ita da Ilu."

Daga nan ya zura hannu cikin rigarsa ya ciro jakar. Jar fata ce da ta koma baƙa, ɗinkinta ƙanana a jere. Bayan rasuwar Eugene ne suka farke gefe ɗaya, suka tarar da takarda. Sun kai wa wani malamin Larabci a jami'a, ya ce haruffan na Larabci ne, amma yaren ba nasa ba ne.

Abdul-Wadud ya goge hannunsa da kyau kafin ya karɓa, don ya ɗauka ayoyi zai gani. Takardar ta yi laushi kamar tsumma, ruwa ya taɓa gefenta. Bayan Bisimilla, sai ya ga ba aya ba ce. Ajami ne, irin rubutun da kakansa yake karɓa daga Kano yana sa shi ya karanta masa. Ya daɗe bai haɗu da shi ba, sai da ya yi ta tuntuɓe, yana motsa baki, kafin hannun marubucin ya zauna masa. Da ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sannan ya ɗago ya dubi Harlan.

Mutumin nan ya taso tun daga Kansas da abin da ubansa ya mutu yana gaskatawa. Abdul-Wadud ya yi tunanin ya ce masa addu'a ce kawai, ya sallame shi da farin ciki. Amma shi sana'arsa kai saƙo ce, bai kuma taɓa ce wa mai kaya ya isa alhali bai isa ba.

"Baba Harlan," ya ce, "wannan ba laya ba ce. Wasiƙa ce."

Ya karanta da Hausa, yana juya masa layi bayan layi.

"Daga Ilu ɗan Sambo baduku na Fagge, zuwa ga ƙanena Maidaji, soja, a ƙasar Hindu. Gaisuwa da aminci. Bayan haka, ina sanar da kai Allah ya sauki matarka Saffana lafiya ranar Talata. Mace aka samu, mun raɗa mata Rekiya. Tana da goshinka. Inna tana nan lafiya, sai dai ido. An ce jirgin nan Hindu za shi, shi ya sa na ɗinke takarda a fata don kada gumi ya ci ta."

Harlan ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Wato sunan wanda za a kai wa ne yake gaya masa."

"Shi ne."

"Wata biyu suka yi a Indiya. Wata biyu." Harlan ya dubi jakar. "Mutumin ya yi jinyarsa, abu ɗaya ya roƙe shi, shi kuma ya rataya a wuyansa shekara hamsin da tara."

"Tsaya, Baba, da saura."

Layukan ƙarshe su ne ruwa ya fi taɓawa. Abdul-Wadud ya ɗaga takardar saitin fitila.

"Wannan yaron da ke ɗauke da takarda Nasara ne, ba ya jin maganarmu. Ya yi ciwo a nan, na yi jinyarsa kwana tara. Yaro ne mai kunya, ko ruwa ka ba shi sai ya gode. Cikin zazzaɓi uwarsa yake kira. In ya same ka, ka riƙe shi kamar ni ne na zo. Allah ya mai da ku gidajenku, kai da shi."

Dattijon ya rufe fuska da hannu biyu. Abdul-Wadud ya tashi ya ƙara masa shayi, ya juya baya yana gyara kwalayen da ba sa bukatar gyara. Wata mota ta zo ɗaukar kaya, ya leƙa ya ce wa direban ya dawo bayan azahar.

Da Harlan ya sami bakin magana, sai ya ce, "Akwai yadda za a san ko ya koma gida?"

"Fagge ba ta ƙaura ba," in ji Abdul-Wadud. "Kwana nawa ya rage maka?"

"Takwas."

Ya raka shi ƙofar gaba, ya ce wa maƙwabcinsa ɗan Chana, yadda suke kiran maigida da yarensu, "Lawban, wannan baƙona ne, ka riƙe masa kayansa da kyau." Da yamma ya rufe ofis da wuri ya shiga kasuwar Canaan neman Zayyad, wani ɗan Fagge mai saro jallabiyoyi da kayan yara. Ya same shi yana ta fama da wata mai shago da take ce masa "meyo, meyo", wato kalar da yake so babu. Zayyad ya saurari labarin yana riƙe da haɓa.

"Ikon Allah. Dukawan Fagge kuwa an san su. Bari in jefa wa Hajiyarmu, ita ce ba ta manta gidan kowa."

Ya yi wa mahaifiyarsa saƙon murya a tsaye a nan. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Abdul-Wadud ya ba da labarin a cikin 'yan Kano da 'yan Maraɗi, kowa ya ce zai tambaya. Aka kawo Rekiya biyu, duk ba su ba ne. Harlan kuwa kullum da safe sai ya zo ofis, ya zauna a kujerar nan, har ya koyi riƙe bakin salatif. Ran Litinin Zayyad ya shigo da kansa yana haki.

"Alhaji, an same ta! A Kurna take, gidan 'yarta. Hajiya Rekiya Maidaji. Hajiyarmu ta ce da suka yi aikin Hajji ma jirginsu ɗaya."

Kashegari da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da Kano take ƙarfe goma na safe, suka zauna su uku a gaban wayar Zayyad. Hoto ya buɗe a kan wata tsohuwa ƙarama, zaune a kan darduma da farin mayafi, 'yarta tana riƙe mata waya. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da sanyin Chana, ko da yake zafi ake. Sannan Abdul-Wadud ya ce, "Iya, saƙo ne gare ni na mahaifinki, ya daɗe a hanya." Ya karanta mata wasiƙar tun daga Bisimilla.

Da ya zo kan goshi, tsohuwar ta kai hannu ta shafa nata, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Aka jira ta.

Harlan ya matso. Tun da safe ya rubuta abin da zai faɗa a takarda. Ya ce a gaya mata ya zo neman gafara a madadin mahaifinsa, wanda aka ba amana bai kai ba. Abdul-Wadud ya fara juyawa, sai ta katse shi.

"Tsaya, ɗan nan. Wane ne wannan ɗin?"

"Ɗan yaron jirgin ne, Iya."

"Ɗansa? Ya rayu ke nan?" Ta matso da fuskarta har goshinta ya cika wayar. "Ya rayu har ya haihu?"

"'Ya'ya huɗu, jikoki goma sha ɗaya. Ya kai shekara saba'in da takwas."

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi." Ta juya ga 'yarta. "Kin ji? Yaron Baffa Ilu bai mutu ba."

Ta ce mahaifinta ya dawo daga yaƙi tana da shekara biyu, yana ganinta a tsakar gida ya gane ta, ba wanda ya gaya masa. Ya rayu har ya aurar da ita. Amma da ya ce wa yayansa bai ga wata takarda ba, sai Baffa Ilu ya zauna a ƙasa ya ce shi ke nan, yaron nan ya faɗo, don ba irin wanda zai yar da saƙo ba ne. Tun daga ranar, duk shekara idan zafi ya shigo, sai ya sa a dama kunu a raba wa mutanen unguwa saboda shi. Ita da kanta ta sha ɗaukar ƙwaryar.

"Ka gaya masa babu gafarar da za a nema. Labarin haihuwata ai ga ni, na kai kaina. Abin da Baffa ya mutu da shi a rai shi ne yaron nan. Yau kun sauke mana."

Abdul-Wadud ya juya wa Harlan maganar. Harlan ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "na gode", yadda aka koya masa, tsohuwar ta ce Hausarsa ta fi ta jikokinta na Abuja.

Ta so ta ji sauran. Aka ba ta labarin jirgin da wutar da shidan da ba su dawo ba, ta yi salati. Da aka zo kan mai agwagin, ta ɗaga hannu.

"Ita wannan baiwar Allah, tana da baya?"

"Akwai jikanta."

"To kai da kake kusa, ka je ka gaishe su. Ka ce gidan Ilu na Kano sun gode, ta ƙarasa mana jinya. Kada ka aika, ka je da ƙafarka."

"In sha Allahu, Iya."

Harlan ya bar wasiƙar da jakarta, hotonta kawai ya ɗauka. Abdul-Wadud bai sa ta cikin kaya ba. Zayyad ne ya tafi da ita a aljihun gaban rigarsa da ya tashi komawa, ya damƙa wa Hajiya Rekiya a hannu, aka tara 'ya'ya da jikoki aka sake karantawa. Da ya dawo Guangzhou bayan wata ɗaya, ya zo da dabino da turmin atamfa da wasu takalman fata ɗinkin Fagge, ta ce na mutanen ƙauyen ne.

Ran wata Lahadi Abdul-Wadud ya hau motar haya da adireshin da Harlan ya bar masa. Shekara goma sha huɗu a ƙasar, bai taɓa wuce kasuwa da masallaci da filin jirgi ba. Ya sauka a wani ƙauye mai tafkuna da itatuwan longan masu ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, ya nuna takarda aka kai shi gidan. Jikan matar, wani tsoho mai suna Liang, ya fito da singileti yana kallon wannan baƙon da ledarsa. Yaren Chanan Abdul-Wadud na ciniki ne, ya san nawa ne, ya san ya yi tsada, ya san gobe. Ya ciro waya ya nuna masa hoton samari goma, ya nuna na Harlan, ya nuna na Hajiya Rekiya riƙe da jakar fata, ya sa wayar ta juya sauran gwargwadon iyawarta. Liang ya kira matarsa, matar ta kira maƙwabta. Suka zaunar da shi a inuwa, suka yi ta mayar da hotunan baya suna gardama a tsakaninsu. Da suka gane ba ya cin namansu, sai aka dafa masa ƙwan agwagwa da shinkafa a sabuwar tukunya.

Liang ya gwada takalman, sun yi masa yawa kaɗan, amma ya ƙi cirewa. Ya kama hannun baƙon ya kai shi bayan gida, kan wani ɗan tudu inda kabarin kakarsa yake, ya tsaya ya yi mata magana mai tsawo yana nuna Abdul-Wadud. Shi kuwa ya tsaya a gefe da hularsa a hannu, ya isar da gaisuwar gidan Ilu da Hausa kamar yadda aka ba shi, sannan ya ce wa Liang shiyeshiye, wato na gode da yarensu.

La'asar ta yi masa a hanya, ya yi salla a gefen tasha. Ya iso Baiyun da kwandon longan da suka tilasta masa, mai nauyin da sai da ya riƙa sauya hannu. Ya ba maƙwabcinsa, ya ba mai kwalaye, ya ware na Zayyad, sannan ya zauna ya kira Kurna ya ce wa Iya ya je.